Layin da Ya Goce a Rajistar Ɓatattu

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar Talatar da mutumin da ofishinmu ya sanar da rasuwarsa ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana sallama. Ku da kuka zo koyon aiki a wurinmu kuna yawan ƙorafin cewa ina tsananta muku a kan ɗan gyaran da bai wuce layi biyu ba. To, ku saurara ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ina shekarata ta uku da wata ƙungiyar agaji mai ofis a nan Kaura Namoda. Aikinmu shi ne riƙe rajistar mutanen da suka ɓace bayan harin 'yan bindiga a ƙauyukan Kaura, Zurmi da Shinkafi. Dangi su kawo suna mu rubuta, in labari ya samu mu sanar da su. Mu uku ne a ofis. Akwai Malam Aminu, shugabanmu, wanda shi ke tantance kowane labari kafin a rubuta shi. Akwai Malama Hassatu, mai shigar da bayanai. Sai ni, Lawali, jami'in kwamfuta. A manyan garuruwa kuma muna da wakilai masu kawo mana rahoto.

Rajistar ba wani abu ba ne mai wuya. Fayil ne guda na rubutu zalla, kowane mutum da layinsa: sunansa, ƙauyensu, lambar wayar ɗan'uwansa, sai halin da ake ciki. Halin nan iri uku ne: ba labari, an same shi, ko ya rasu. Ni na zaɓi mu riƙa aiki da edita, wato manhajar rubutu, domin sabis a yankinmu kun san yadda yake, kwamfutar kuma tsohuwa ce. Edita ba ruwansa da sabis, kuma ba ya shan caji.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda irin wannan edita ke aiki, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Idan ka buɗe fayil, edita na kwafo rubutun zuwa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, mu muna ce wa wurin bafa. Abin da kake gani a fuskar kwamfuta abin da ke cikin bafa ne. Ita uwar manhajar ita kaɗai ke da ikon ƙara harafi ko cire shi a can. Sannan akwai ƙananan manhajoji da mutum zai iya rubutawa ya liƙa mata don su yi masa wani aiki na musamman, waɗanda ake kira ekstenshan. Duk wadda ke son sanin abin da ke faruwa a bafa sai ta sa sunanta a jerin masu sauraro. Daga nan, duk lokacin da za a taɓa rubutu, uwar na sanar da su sau biyu. Kafin ta taɓa sai ta ce, zan canza daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Bayan ta gama sai ta ce, sabon rubutu ya fara a nan, ya ƙare a nan, wanda ya tashi daga wurin kuma tsawonsa kaza ne. Da waɗannan lambobi uku kowace mai sauraro ke gane ko ƙari aka yi, ko ragi, ko musanya.

Ƙananan manhajoji biyu na rubuta wa ofishinmu. Ta farko muna ce mata mai aika. Ita tana riƙe da nata kwafin rajistar, wanda take ɗauka sabo kowace safiya idan an buɗe fayil. In uwar ta sanar da ita an taɓa wuri kaza, sai ta lissafa layi na nawa ne, ta je wannan layin a kwafinta ta gyara. In halin mutum ne ya canza, sai ta shirya saƙon waya, da la'asar a tura wa ɗan'uwansa. Ta biyun daga baya na rubuta ta, da Malam Aminu ya koka cewa ana maimaita sunaye, babban wa ya kawo suna yau, ƙane ya sake kawo shi bayan mako biyu. Muka sa mata suna mai share. Da ta ji an shigar da sunan da ya riga ya kasance a rajista, sai ta goge tsohon layin na sama ta bar sabon. Na gwada ta sau da yawa, ta yi aiki tsaf, har Malam Aminu ya yaba.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, da hantsi, ina duba batirin sola sai na ji sallama. Mutum biyu ne. Na gaba dattijo ne mai furfura a gemu, riƙe da ƙaramar waya. Na bayansa ya rame ƙwarai, ƙafafunsa duk sun tsage, yana dogara sanda.

Dattijon ya ce, "Nan na ofishin da ka aika saƙon ɓatattu?"

Malam Aminu ya ce nan ne, ya nuna musu benci.

"Ba zama munka zo yi ba. Ni sunana Sa'idu, daga ƙasar Zurmi. Karanta wanga." Ya miƙa wayar.

Malam Aminu ya karanta a bayyane. Saƙonmu ne, da irin kalmomin da ni na tsara da hannuna: ofishinmu ya samu tabbacin rasuwar Haruna, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ya ɗago kai ya ce, "Allah Ya gafarta masa, Malam. Ɗan'uwanka ne?"

"Ƙanena na. Ga shi nan tsaye bayana."

Ban san lokacin da sukudireban da ke hannuna ya faɗi ba. Malama Hassatu ta dafe ƙirji tana salati. Malam Aminu ya dubi wayar, ya dubi mutumin, ya sake duban wayar.

Shi Harunan ne ya yi magana, muryarsa a dashe. Ya ce shekaranjiya ya iso gida, bayan ya kuɓuto ya kwana biyu yana tafiya a daji. Da ya shiga gida matarsa ta gan shi, sai ta kurma ihu ta ruga gidan maƙwabta, domin kwana goma sha bakwai ke nan tana takaba. An yi masa salla, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai.

Malam Sa'idu ya karɓe. "Wannan duk mai sauƙi na. Ranar da saƙon ga yaz zo, ni nik karanta ma innarmu. Nan take ta faɗi. Har yanzu ɓarin jikinta bai motsi, magana ba ta hita. Jiya ya durƙusa gabanta, tana kallonai, ba mu sani ba ko ta gane shi. Shi as sa munka zo. Muna son mu ga wanda yag ga gawar Haruna."

Malam Aminu ya juya ga Malama Hassatu ya ce ta buɗo layin. Ta nemo sunan. Mu uku muka sunkuya a kan kwamfutar. Ga sunan Haruna, ga ƙauyensu, ga lambar Malam Sa'idu. A gurbin hali kuma an rubuta: ba labari.

Nan ne kaina ya ɗaure gaba ɗaya. Rajista ta ce ba mu taɓa cewa ya rasu ba, waya kuma ga saƙonmu a cikinta. Na buɗe kwafin mai aika, shi ma ba labari ya ce.

Malam Aminu ya ba su haƙuri iya ƙarfinsa, ya ce su ba mu zuwa azahar. Suka fita suka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar ofis, suka ƙi karɓar ko ruwa. Yana rufe ƙofa ya fuskanci Malama Hassatu.

"Malama, ke kaɗai ke taɓa fayil ɗin nan. Kin rubuta ne bisa kuskure, da kika gane kika goge kika yi shiru?"

"Wallahi, Malam, ban yi ba. Ban taɓa rubuta komai a layin bawan Allahn nan ba tun ranar da na shigar da shi."

"To, aljani ne ya aika saƙon?"

Ta fashe da kuka. Matar nan shekara biyu muna aiki tare, ko harafi ɗaya ta yi shakka sai ta tashi ta tambaya. Malam Aminu ya ce dole ya kai rahoto babban ofis a ranar, kuma har a gama bincike za ta zauna a gida. Ni a zuciyata, in faɗa muku gaskiya, na fi karkata ga cewa ita ce. Ban kawo manhajata a rai ba ko kaɗan. Na gwada ta, ai.

Duk da haka na roƙi Malam Aminu ya ba ni awa ɗaya. Na duba ranar da saƙon ya fita, wata Alhamis ce, kwana goma sha tara da suka wuce. Na ɗauko littafin rahoto na takarda, wanda Malam Aminu ke sa wa hannu. A ranar rasuwa ɗaya aka tabbatar: wani makiyayi mai suna Buba, wanda danginsa ke zaune a Shinkafi. Na koma rajista. Layin Buba an rubuta ya rasu, daidai yadda ya kamata. Layin Buba kuwa shi ne ke ƙarƙashin na Haruna, ba komai a tsakaninsu.

Na tambayi Malama Hassatu ko ta tuna wani abu game da wannan Alhamis ɗin. Ta share hawaye ta ce da safe wata mata ta kawo sunan mijinta, ashe an riga an kawo, kuma mai share ta goge tsohon layin kamar yadda ta saba.

Na yi kwafin fayil ɗin don gwaji. Na rubuta wata 'yar manhaja ta wucin gadi wadda ba ta da aiki sai ta sa kunne, duk sanarwar da uwar ta yi ta rubuta mini ita a gefe. Na buga harafi ɗaya, sanarwa biyu suka fito, ta kafin da ta bayan. Na goge harafi, biyu suka sake fitowa. Sai na gangara ƙasa na shigar da sunan da na san yana can sama. Kowane harafi da sanarwarsa. Ina buga na ƙarshe, na ga da idona tsohon layin ya ɓace, duk layukan ƙasa suka matsa sama da ɗaya. Na dubi gefe in ga sanarwar gogewar.

Babu. Layi guda cur ya tashi daga bafa, uwar ba ta ce uffan ba.

Na maimaita sau uku don ban yarda da idona ba. Zufa ta jiƙa mini riga. Sai na buɗe littafin bayanin editan, sashen da ke magana a kan sanarwar canji, wanda na sha karantawa. Ga shi nan a rubuce ƙarara. A yayin da uwar ke kiran masu sauraro ɗaya bayan ɗaya, takan rufe sanarwa gaba ɗaya har ta gama. Dalili kuwa mai kyau ne: in mai sauraro ta taɓa rubutu a lokacin, aka sake sanarwa, za a sake kiran ta, ta sake taɓawa, a sake sanarwa, abin ba zai ƙare ba har kwamfuta ta sandare. Saboda haka duk wadda ta canza rubutu a cikin wannan ɗan lokacin, ba wanda zai ji. Ni kuwa daidai cikin wannan lokacin na sa mai share ta riƙa goge layi.

Ka ga ke nan, ranar Alhamis ɗin mai aika ba ta san an cire layi ba. Kwafinta ya fi na fuskar kwamfuta da layi ɗaya. Da rana Malama Hassatu ta je layin Buba ta rubuta ya rasu. Uwar ta sanar, mai aika ta lissafa lambar layin, ta je wannan lambar a kwafinta, ta tarar da Haruna. Da la'asar saƙo ya tafi Zurmi. Washegari da safe ta ɗauki sabon kwafi, sawun ɓarnar ya shafe. Lokacin da na gwada mai share, ita kaɗai na gwada. Ban taɓa haɗa su biyun na gwada ba.

Na daɗe a zaune ina kallon kwamfutar. Ba wanda ya san abin da na gano sai ni, kuma ba wanda zai iya ganowa a ofishin nan in na yi shiru. Malama Hassatu na can tana haɗa kayanta a jaka. Ban ce zuciyata ba ta raya mini komai ba. Amma na tashi.

"Malam, ba Malama ba ce. Ni ne."

Na nuna masa a aikace. Ya kalli layin yana ɓacewa, gefe shiru, ya ce in sake. Na sake. Ya zauna a kan benci ya riƙe kai da hannu biyu. Can ya ɗago ya yi tambayar da ni tsoro ya hana ni yi wa kaina.

"Lawali, in saƙon Buba ne ya tafi gidan su Haruna, su dangin Buba wa ya gaya musu?"

Mai aika ba ta tura saƙo sai ta ji canji. Washegarin da ta ɗauki sabon kwafi ta tarar an riga an rubuta ya rasu a layin Buba, a wurinta ba abin da ya canza. Ba wanda ya gaya musu.

Da farko na durƙusa na ba Malama Hassatu haƙuri. Ta dai mayar da kayanta kan tebur. Sannan na fita gindin dalbejiya. Ban yi musu zancen bafa ba. Na ce ni na haɗa na'urar da ke aika saƙo, na yi kuskure a haɗin, saƙon wani ya zo musu, ba wanda ya ga gawar Haruna. Malam Sa'idu ya ƙura mini ido har na sunkuyar da kai.

"Ashe ba mutum na yac ce ya mutu ba. Ƙarfe na."

Na ce, "Ni ne, Baba. Ƙarfen abin da na sa shi ya yi."

Haruna ya ce shi ya yafe nasa. Na innarsu kuwa, ya ce, ba shi da ikon yafewa, ita kuma ba ta da bakin da za ta yafe. Suka tashi suka tafi tasha.

Sauran yinin na bi duk ranakun da mai share ta taɓa goge layi, ina gwada saƙonnin da suka fita da littafin takarda ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya taƙaita, a sauran ranakun ba a canza halin kowa a ƙasan layin da aka goge ba. Wannan kaɗai ne.

Ranar Laraba da sassafe muka shiga mota zuwa Shinkafi, ni da Malam Aminu. Ya ce ba dole sai na je ba, na ce dole ne. Wakilinmu ya kai mu bayan gari, inda dangin Buba suka yi bukkoki tun da aka tashe su daga rugarsu. Mahaifinsa, Malam Ja'e, tsoho ne dogo, yana zaune a kan buzu yana tufka igiya. Bayan gaisuwa Malam Aminu ya faɗa masa a hankali: waɗanda suka kuɓuto sun shaida, mutanen wani ƙauye sun yi wa Buba sutura, mai garin ya tabbatar.

Tsohon ya ajiye igiyar ya yi salati sau uku. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Yaushe kunka sani?"

Na ga Malam Aminu yana neman kalmar da za ta sassauta. Na ce, "Yau kwana ashirin, Baffa. Laifina ne saƙon bai iso ba."

"Kwana ashirin." Ya juya ya dubi wata bukka da ke bayansa. "Uwar tai na ciki. Kullum in ta fara kuka sai in ce mata ta yi shiru, masu ofis sun ce in da labari za su bugo, tunda ba su bugo ba yana nan da rai. Jiya ma haka nic ce mata." Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. "Ku jira nan. Ni ka gaya mata."

Muna tsaye ya shiga. Abin da muka ji daga cikin bukkar nan ba zan iya kwatanta muku shi ba. Daga nan ni da Malam Aminu muka dawo Kaura.

A makon na gyara abu uku. Mai share ta daina taɓa rubutu a lokacin da ake sanar da ita. Sai ta jira uwar ta gama kiran kowa, sannan ta yi gogewar a fili, kowace mai sauraro ta ji. Na ba kowane mutum lambarsa ta dindindin, mai aika ta daina dogara da lissafin layi. Na uku ba aikin kwamfuta ba ne, Malama Hassatu ce ta kawo shi: daga ranar, labarin rasuwa bai sake fita ta saƙon waya ba. Sai an karanta sunan a rajista an gwada da littafin takarda, sannan wakili ya taka da ƙafarsa ya je gidan. Babban ofis ya ba ni takardar gargaɗi, na karɓa ban yi musu ba. Innar su Haruna ta ƙara wata biyar ta rasu. Na je gaisuwa, Malam Sa'idu ya amsa mini, ya matsa ya ba ni wuri a tabarma.

Abin da na koya shi ne, editan bai yi ƙarya ba, kuma bai ɓoye dokarsa ba. Ya faɗi lokacin da yake sanarwa, ya faɗi lokacin da yake shiru, ni ne na karanta na farkon na tsallake na biyun. Duk wanda ke jiran a sanar da shi, manhaja ce ko mutum, in ya ji shiru ɗauka yake ba abin da ya canza. Shi ya sa in ɗayanku ya kawo mini aiki ya ce ya gwada yana tafiya daidai, ba na tambayar abin da ya canza kawai. Nakan ce ya nuna mini su wa ke sauraro, sannan ya zauna tare da ni mu tabbatar kowannensu ya ji.